Gidan Inna a kudancin Madani: jalus za mu mayar, ko jan bulo, ko bulon ƙasa na inji?

Abu Hafsat, Wad Madani

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar gini nake nema, musamman daga waɗanda suka san baƙar ƙasar Jazira ta nan Sudan da halinta.

Gidanmu yana wani ƙauye kudu da Wad Madani, tsakanin titin Sinnar da kogi. Marigayi mahaifinmu ne ya gina shi da jalus, wato bangon laka da ake ɗorawa hawa-hawa, ɗaki uku da rakuba, wato rumfa, da madafa. Mun bar shi a Disambar 2023 da Madani ta faɗi a yaƙi, muka yi Gadarif da Inna da yara. Da aka karɓe garin a Janairun 2025 na koma dubawa. Babu kwanon rufi, babu ƙofofi, babu tagogi, har katakan rufin an zare. Daminar 2024 kuwa, kun san yadda ta yi, a kan bango tsirara ta sauka. Ɗaki biyu sun narke, abin da ya rage bai kai ƙuguna ba. Na ukun, ɗakin Baba, yana tsaye, amma kusurwarsa ta gabas ta tsage daga sama har ƙasa, tafin hannuna yana shiga tsagar.

Inna ta ce zaman haya ya ishe ta, a gidanta take so ta yi azumi. Ƙanena da ke aiki a Jidda ya haɗa kuɗi, ni ma na sayar da 'yan tumakin da suka tsira. In an yi tattali za su yi ɗaki biyu, mita 4 a 4 kowanne, da rakuba a tsakani. In an yi wauta, ko ɗaya ba za a rufa ba.

To a nan kawunanmu suka rabu. Ƙanena ya ce bulon siminti da kwano, a gama a wuce wurin; wai ba zai sha ranar Jidda ba sannan a mayar masa da guminsa laka. Inna ta ce in ɗakin siminti da kwano ne a bar ta a rakuba, don irinsa muka haya a Gadarif, daga hantsi zuwa la'asar a watan Afrilu ba mai iya zama a ciki. Ga ta da hawan jini, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa. Maƙwabta suna cewa jan bulo, shi ne ginin mutunci. Ni kuma jan bulon ne ke tsaya mini a rai. Ina da 'yar gona a bakin kogi inda nake shuka albasa da kuɓewa, kuma da wata kamina, wato wurin ƙona jan bulo, muke iyaka. Ina ganin motocin itacen bagaruwa da ake saukewa, ina shaƙar hayaƙin in an kunna wuta, ina kuma ganin yadda ramukan da suke haƙa ke sa gaɓar kogin zaftarewa duk damina. Kurmin bagaruwar da muke kiwo a ciki muna yara yanzu kututture ne. Ba na so kuɗinmu su sare sauran.

Na ga bidiyon bulon ƙasa da ake matsawa da injin hannu, ba a ƙona shi, ana ɗan sa masa siminti. Akwai wanda ya taɓa gini da shi a irin ƙasarmu? Yana jure ruwa? In kuma jalus ɗin za a mayar, me za a yi kada ya sake narkewa? Fili namu ne da takarda, ba kambo ba ne, wato zangon 'yan ƙwadagon gona, don haka ginin zama muke so.

Usta Garba, Maiwurno

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ƙara wa Innarka lafiya. Ni ban iya wayar nan ba, faɗa nake yi yaro yana rubutawa.

Kada ka ɗora wa jalus laifin da ba nasa ba. Bangon da aka bari ba rufi damina guda, ko jan bulo ne, in da laka aka jera shi, sai ya ji a jikinsa. Akwai ɗakunan jalus a nan Maiwurno da na tarar ina yaron magini, har yau ana kwana a cikinsu, don masu su ba su taɓa barin shekara ta juyo ba su yi zibala ba, wato shafen laka da kashin dabbobi.

Abin da ke kashe gini a ƙasarmu daga ƙasa yake tasowa. Baƙar ƙasar nan da rani takan bushe ta dare, har ƙafar jaki tana faɗawa. Ruwa ya sauka, ta sha ta kumbura, ta ɗaga duk abin da ke kanta. Kuma ba ta ɗagawa daidai: gefen da ke kusa da famfo ko wurin wanke-wanke ya fi tashi, gefen da bishiyar dalbejiya ke zuƙe ruwa ya fi sauka. Ina kyautata zaton tsagar ɗakin mahaifinka daga nan take. Kada ka yi saurin rushe shi. Ka manna ɗan siminti a kan tsagar wuri biyu ko uku, ka bar shi ya ga damina. In bai fashe ba, ƙasa ta zauna, a ɗinke kusurwar da sanduna da laka. In ya fashe, a sauke kusurwar kaɗai. Ka kuma gaya wa ƙanenka bulon siminti ma darewa yake yi a kan ƙasar nan, har ya fi ban haushi, don shi ba a toshe shi da laka a wuce.

Saboda haka kuɗin nan a fara binne su a ƙasa. A haƙa harsashi ya wuce mita, sai inda ƙasar ta daina farfashewa. A zuba yashi a daddage. Jazira ba dutse, to dole jan bulo da siminti su shigo a nan, daga cikin rami har gwiwa a saman ƙasa. Na ji maganarka ta kamina, ban ƙi ba. Amma gidaje nawa ne suka rushe a Madani? Ka nemi masu su ka sayi tsohon bulo, yara su kankare shi. Ba sabon itace da za a sare, kuma ya fi araha. A samansa a shimfiɗa leda mai kauri ko a shafa kwalta, don kada danshi ya hau. Daga nan sai ƙasa.

Ƙasar ɗakunan da suka narke kada ka kwashe ka zubar, ita ce mafi kyau, hannun mahaifinka ya riga ya gyara ta. A farfasa, a ƙara yashi da tattakar alkama, a jiƙa ta kwana biyu ko uku, a tattake da ƙafa sosai. Kaurin bango kamu guda, kowane hawa ma kamu guda, kuma a bar shi ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Mai gaggawa ya ɗora hawa biyu rana ɗaya, bango ya yi tumbi. Lokacin aikin kuwa bayan damina ne, in sanyi ya fara, ƙasa ta bushe a hankali.

Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903 sun zo da sanin tubali da azara da makuba. Ɗorawa ba ta nan, shi ya sa suka koma zibala irin ta mutanen ƙasar, kuma ta riƙe mu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shafen siminti a kan laka. Shekarar farko gwanin kyau. Ta biyu ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga, ya rabu da bangon, ruwa ya bi ta baya, gara ta samu gida. In kana so ka huta da yawan shafe, a yi gishira, jeren jan bulo ɗaya ta waje, a ɓangaren da ruwa ke bugowa kawai. Innarka ta san ɓangaren. Indararo kuma ya yi tsawo, ya zubar da ruwa nesa da gindin bango.

Alhaji Tanko, Gadarif

Ƙanena, ni ba magini ba ne, ɗan kasuwa ne, lissafi zan yi maka. Usta ya faɗi gaskiyarsa, Allah ya ƙara girma, amma zamanin da yake magana a kai ya tafi da mutanensa.

Ka tuna 2020. Kogi ya kai inda ba a taɓa aunawa ba a Khartum, gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci ta wata uku, gidaje sama da 100,000 suka rushe ko suka lalace, jiharmu ta maƙwabta Sinnar tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. Waɗanne gidaje ne suka fara zubewa? Na laka. Kai kuma da bakinka ka ce tsakanin titi da kogi kuke.

Sai zancen zibala duk shekara. Wa zai yi? Samarin da da ake kira gayya su zo a gama kafin azahar, rabi suna haƙar zinari a arewa, rabi suna Saudiyya da Libiya. Yanzu mai shafe da kuɗi yake zuwa, kashin dabbobin ma saye ake yi. Ka tara kuɗin shekara goma ka gani ko arahar tana nan. Gidan ƙasa yana son mai shi a gida, mu kuma yaƙin nan ya nuna mana ana iya fita da rigar wuya kawai, ba a san ranar dawowa ba.

Ni shawarata jan bulo da rufin agid libi, wato gungumen ƙarfe a jere da bulo a lanƙwashe tsakaninsu. Yana da sanyi fiye da kwano nesa ba kusa ba, ɓarawo kuma ba ya kwance shi da dare ɗaya. In kuɗi ba su kai ɗaki biyu ba, a yi ɗaya mai kyau, baɗi a ƙara. Ranar da za a raba gado ko a sayar, jalus ba a sa masa kuɗi, fili kawai ake saye. Batun itace kuwa, ɗaki biyunka ba su ne za su dawo da kurmi ba. Ko ka saya ko kada ka saya, gobe za a kunna kaminar nan.

Injiniya Zainabu, Kasala

Yaya Abu Hafsat, sannu da ƙoƙari. Baba Usta da Baba Alhaji, a gafarce ni in na shiga maganar manya. Na yi aiki da bulon injin nan a Niyala kafin yaƙi, lokacin da hukumar matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke koyar da shi a Darfur, kuma dalilin kawo shi can shi ne dai abin da ke damunka: kaminu sun cinye itatuwan da ke kewaye da garuruwa.

Injin ba sabon abu ba ne, a Kolombiya aka ƙera na farko a shekarun 1950. Ana tankaɗe ƙasa, a gauraya da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a yayyafa ruwa kaɗan yadda in ka dunƙula za ta riƙe amma ba ta jiƙa maka hannu ba, a matsa. Sannan a jera a inuwa, a rufe da leda, ana yayyafa ruwa, sai ya yi mako huɗu kafin a yi gini da shi. Mafi yawan waɗanda na ji suna cewa bulon ba shi da kyau, a rana suka shanya shi tun ranar farko. Ruwan sama ba ya narkar da wanda aka yi daidai.

Amma akwai abu biyu da masu bidiyo ba sa faɗa. Yana son ƙasa mai yashi, wadda yashinta ya fi rabi. Baƙar ƙasar Jazira yumɓu ce, siminti ba ya kama ta da kyau. Ko dai a ƙara mata yashi mai yawa, ko a yi amfani da jir, wato farar ƙasar da ake shafa wa bango, don jir ya fi siminti jituwa da yumɓu. Ka gwada da kanka: ka haƙa ka wuce ƙasar noma, ka zuba ƙasa rabin kwalba mai faɗin baki, ka cika da ruwa da ɗan gishiri, ka girgiza, ka ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka mai laushi a kansa, yumɓu a sama. Ka auna kowanne ka gaya mana.

Na biyun shi ne lissafin siminti. Bulo ɗaya yana da nauyin kilo 8 ko kusa da haka, yana cin siminti wajen rabin kilo, to buhu mai kilo 50 zai ba ka bulo kamar 100. Ɗaki 4 a 4 mai tsayin mita 3, in bangon siriri ne na santimita 14, zai ci wajen bulo 1,500, buhu 15 ke nan. Amma siririn bango ba zai ba Inna sanyin da take nema ba. In ka ninka kaurin, bulo 3,000, buhu 30. Bulon siminti mai rami na ɗaki irin wannan bai kai 600 ba, kuma in mai bugawa ya ji tsoron Allah yana fitar da kamar 30 a buhu, wato buhu 20. Ka ga bango mai kauri na bulon inji yana iya cin siminti fiye da bulon simintin kansa. Ribarsa ba a ƙona shi, ba ya buƙatar filasta, kuma ƙasar daga kusa take. Shi kuwa siminti, a wutar digiri 1,450 ake dafa dutsensa, kuma masana'antarsa ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Ƙara da man motar da za ta ɗauko shi daga Atbara ko Rabak.

Don haka ni ba zan ce a yi ginin duka da shi ba. Inda ruwa ke taɓawa, nan ake sa shi: daga saman harsashi zuwa ƙasan taga, da saman bango, da gishirar da Baba Usta ya ambata, maimakon sabon jan bulo. Sauran a yi da jalus ko ɗanyen tubali. Abin da zan ƙara a kan maganar Baba Usta shi ne ɗamarar kankare da rodi, ɗaya a kan harsashi, ɗaya a ƙarƙashin rufi, ta zagaye ɗakunan biyu. In ƙasa ta motsa, ginin zai motsa a haɗe. Sai daɓe mai gangare, faɗin mita guda ko fiye, kewaye da ginin, famfo da bayi kuma a nisanta su.

Baba Alhaji, gaskiya ne gidajen laka ne suka fi faɗuwa a 2020. Amma waɗanda na gani da idona a kwari suke, bangonsu daga ƙasa kai tsaye ya tashi, ruwa ya kwanta musu a gindi kwanaki. Yaya, ka tambayi dattawan ƙauyen inda ruwan 1988 da na 2020 suka tsaya, ka ɗaga daɓen ɗaki ya wuce nan. In wurin ya kai ƙirji a ambaliya, to ba maganar irin bulo ba ce, maganar canza fili ce. Kuma jan bulon ma ba lallai ya ci gaba da araha ba. Lakar da kogi ke kawowa daga tsaunukan Habasha ita ce jarin kaminu, tun da aka fara cika babbar madatsar Habasha a 2020 kuwa yawancinta a bayan madatsar take kwanciya. In har dole ka sayi sabo, ka nemi wanda aka ƙona da itacen miskit. A nan Kasala da Tokar ya mamaye gonaki, sare shi taimako ne, ba kamar bagaruwa ba.

Ga ƙanenka kuma, ya nemi hotunan masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a Nijar, garin Hausawa ne, an gama su a 2018, sabon masallacin da bulon ƙasa na inji aka gina shi, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka zana. Ya gani ko laka abin kunya ce.

Bala Makkawi, Jidda

Abu Hafsat, ɗan'uwa, na fahimci ƙanenka sarai, don duk wanda ke turo kuɗi daga nan so yake ya ga abin da zai nuna a waya. Ni a Makka aka haife ni, aikin gini nake yi a Jidda, bari in gaya maka abin da ke bayan gine-ginen da yake gani.

Ginin siminti a nan da na'urar sanyaya ɗaki yake rayuwa. Fiye da rabin wutar da gidaje ke sha a ƙasar nan ita ke shanyewa. Shi ya sa hukuma ta wajabta abin hana zafi a bango da rufi, sabon gini ba ya samun mita sai an duba an ga an sa. Muna aiki da bulo mai soso a tsakiya, da bulon dutsen aman wuta wanda ba shi da nauyi, da farin bulon Siporex da ake yankawa da zarto. Duk suna da kyau, amma an yi su ne don su tsare sanyin da inji ya kawo. Ranar da wuta ta ɗauke da azahar, minti kaɗan kowa ya fito. A ƙauyen da wuta ba ta da tabbas, bango mai nauyi kake so, wanda zafin rana zai yi awoyi bai ratsa shi ba, sai dare ya sake shi, lokacin kuna tsakar gida a kan angarib, wato gadon igiya.

Ka ce wa ƙanenka in ya samu hutu ya shiga Balad, tsohuwar Jidda. Gidajen da dutsen murjani na teku aka yi su, da layin katako a tsakanin jere, da tagogin rawashin da ke shigo da iska suna tare rana. UNESCO ta sa su a jerinta a 2014. Unguwar Turaif a Dir'iyya, inda gidan sarautar ƙasar ya faro, tubalin laka ce, ta shiga jerin a 2010, kuma yau maƙudan kuɗi ake kashewa ana gina kewayenta da kamannin laka. A Riyad ma akwai masallacin Midi da aka gina a 2004 da irin bulon da Injiniya ke magana.

Inda nake ganin kowa ya yi sauri shi ne rufi, alhali yawancin zafin ɗaki ta sama yake shigowa. In kuɗi sun ƙare a harsashi dole sai kwano, to kada a bar shi haka. A shafa masa farin fenti ta sama. A yi silin na gora da tabarma a ƙasansa, a bar tazara tsakani, da ƙananan kafofi a bango don iska mai zafi ta fita, a sa musu raga saboda jemagu. Kwanon ya zarce bango da rabin mita ko fiye, ya yi wa lakar laima. Tagogi su kalli arewa da kudu, bangon yamma a bar shi a toshe ko a jingina masa rakuba. In kuma kuna da niyyar sa sola nan gaba, a kan rakuba za a ɗora ta da ƙafafun ƙarfe, kada a huda rufin ƙasa.

Gwaggo Asabe, Damazin

Ɗana, duk maza ne ke ta lissafi, ban da 'yata Injiniya, to ga ta mai shara. Innarka tana da gaskiya a kan zafi, amma rufin gargajiya ma yana da nasa. Ƙasa tana zubowa a kan shimfiɗa, kunama tana faɗowa, gara in ta shiga gungumen ba ka sani sai ya karye. In shi za ku yi, a sa leda a kan tabarmar kafin laka, itacen kuma ya zama giginya ko busasshiyar bagaruwa, ko da tsohuwa ce daga wani gidan.

Ƙasan ɗaki a yi mata siminti ko tayil, wannan kada a yi rowa. Tsohuwa ba ta iya daɓe duk shekara. Ciki a shafe da jir, ɗaki ya yi haske, ƙwari ma suna raguwa. Zibala kuma a yi ta tun Inna ba ta tare ba, warinta na makon farko ba na mai hawan jini ba ne. Alhaji ya ce ba masu gayya, to mu a nan mata ne muke haɗuwa gida-gida kafin damina, shayi da ƙosai kawai mai gida ke bayarwa.

Abu Hafsat, Wad Madani

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na tura wa ƙanena duka, ya yi shiru a kan siminti, yanzu rigimarsa agid libi yake so irin na Alhaji. Na ce in kuɗi sun kai bayan harsashi da ɗamara, ban ƙi ba, in an samu tsohon bulo.

Na tambayi limaminmu, ya ce ruwan 2020 a bakin masallaci ya tsaya, gidanmu kuma ya fi masallacin tudu, a tsakar gida bai wuce idon sawu ba. Injiniya, na yi gwajin kwalba da ƙasa biyu. Ta ramin bayan gida: duka santimita 10, yashi bai kai 2 ba, sauran ban ma iya raba lakar da yumɓun ba, ruwan da ke saman kwalbar har yanzu bai washe ba. Ta tsohon bangon Baba: yashi wajen 5. Akwai yashi a wani kwari kusa da mu, da amalanken jaki ake ɗaukowa. Injin matsawar ne ban samu ba tukuna, wani maƙeri a kasuwa ya ce in na kawo masa hoto da awo zai gwada.

Injiniya Zainabu, Kasala

Yaya, ƙasar ramin nan kada ta shiga inji yadda take. Ta tsohon bango ita ce ta bulon, ka ware ta daban tun yanzu kada masu aiki su gauraya. Wadda za ta rage ba za ta isa jalus ba, to sai a ƙara da ta ramin, amma da yashi. Ka buga tubalin gwaji iri uku: kwano ɗaya na ƙasa da ɗaya na yashi, ɗaya da ɗaya da rabi, ɗaya da biyu. Ka sa musu alama, su bushe a inuwa. Wanda ya tsattsage yashi ya yi masa kaɗan, wanda gefensa ke marmashewa in ka murza da yatsa ya yi masa yawa. Yashin kwarin ka ɗanɗana shi, in da gishiri ka nemi wani.

Agid libi yana da nauyi kuma yana tura bango waje, don haka in shi za a yi, ɗamarar sama ba zaɓi ba ce, kuma gungumen ƙarfen su zauna a kan ɗamarar, ba a kan laka ba. Maƙerin kuwa ka ce masa farantin akwatin ya yi kauri sosai, siriri yana buɗewa in an danna, bulon ya fito ba daidai ba. Zan turo maka awon ta saƙo. Bulo goma na farko kada ka yi gini da su: bayan mako huɗu ka jefa biyu a bokitin ruwa su kwana, ka ɗauko mana hotonsu da safe.